Yadda Aka Buɗe wa Talaka Ƙofar Ƙungiyar Mawaƙa

Karatu: 1 Tarihi 25:1-8

 Yau za mu yi magana a kan ƙungiyar mawaƙa, wadda muka saba kira kwaya, musamman a kan mutumin da yake son shiga amma yana jin tsoro. Kusan kowace ikilisiya tana da irinsa. In an ta da waƙa yakan bi a hankali daga bencin baya. In an gayyace shi koyon waƙa sai ya ce bai yi makarantar kiɗa ba, ko muryarsa ba ta da daɗi, ko kuwa ya riga ya tsufa. Muna so mu nuna daga tarihi cewa haruffan nan bakwai, d r m f s l t, waɗanda malamin kwaya yake rubutawa da alli a kan allo, domin irin wannan mutum aka shirya su. Sun yi tafiyar kusan shekara 1,000 kafin su iso allonmu.

Cikin karatunmu mun ga Sarki Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun domin hidimar waƙa. Yawansu 288 ne, aka raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12. Sa'ad da aka zo rabon aiki aka jefa ƙuri'a, ba a bambanta babba da ƙarami ba, ko malami da ɗan koyo. Ashe tun a wancan zamani ɗan koyo yana da wurin tsayawa. Amma dukansu Lawiyawa ne. Wanda ba a haife shi cikin kabilar ba, kome daɗin muryarsa, ba shi da rabo cikin wannan hidima.

Masu bi na farko sun yi ta raira zabura tare cikin gidajensu. Da ikilisiya ta yi girma, aka gina manyan majami'u, sai waƙa ta soma komawa hannun ƙwararru. Wajen shekara ta 364 wata majalisar shugabannin ikilisiya ta zauna a Lawudikiya, garin nan da muka sani cikin Wahayin Yahaya, ta kafa doka cewa mawaƙan da aka naɗa su kaɗai ne za su raira waƙa a majami'a. Majalisar yanki ce, dokarta ba ta hana jama'a waƙa ko'ina ba. Duk da haka, a ƙasashen yammacin Turai abin ya bi wannan hanya. Ana sujada da harshen Latin wanda manomi ba ya ji, waƙa kuwa ta zama aikin firistoci da 'yan zuhudu, wato mazan da suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu ga addu'a. Ba su da rubutun da zai nuna tsayin kowace murya daidai, don haka sai hadda. Yaro yakan yi shekara 10 yana bin bakin malaminsa, bai kuwa gama ba.

Mutum na farko da za mu tuna shi ne Gido, wani ɗan zuhudu a Italiya, wanda ya yi aiki a garin Arezo wajen shekara ta 1025. Wahalar yaran da yake koya wa ta dame shi. Ya lura da wata tsohuwar waƙa ta tunawa da Yahaya Maibaftisma, wadda kowane layinta yake farawa da murya taki ɗaya sama da na baya. Sai ya ɗauki gaɓar farko ta layuka shida ya mai da su sunayen muryoyi: ut, re, mi, fa, sol, la. Ya kuma gyara hanyar rubuta muryoyi a kan layuka. Shi da kansa ya rubuta cewa abin da dā ake shekara 10 ba a ƙware ba, yanzu shekara ɗaya ko biyu ta isa. 'Yan'uwansa a gidan zuhudun Pomposa, inda ya fara, ba su yi murna da sabon abin ba, shi ya sa ya bar wurin. Amma wajen 1028 Paparoma Yohanna na 19 ya kira shi Roma, ya zauna da littafin har ya raira wani baiti da bai taɓa ji ba. Daga baya aka sāke ut ya zama do, aka ƙara murya ta bakwai. Sai dai amfanin wannan duka ya tsaya ga 'yan zuhudu da yaran makarantun manyan majami'u. Talaka yana nan yana sauraro.

Bayan shekara 500 sai ga Martin Luta a Jamus. Shi mawaƙi ne tun yana ɗan makaranta, ya kuma nace cewa jama'a su yi waƙa da harshensu. A 1524 aka buga ɗan ƙaramin littafi mai waƙa 8, huɗu daga ciki nasa ne. A shekarar kuma abokinsa Yohanna Walta ya fitar da littafin waƙoƙi na muryoyi dabam dabam domin matasa. Walta ma'aikaci ne cikin mawaƙan fādar Saksoni. Da sarkin ya rasu a 1525, ƙanensa da ya gāje shi ya sallami mawaƙan. Walta ya koma makarantar garin Torgau, ba shi da ƙwararru, sai wanda ya samu. Ya tara 'yan makaranta su riƙe muryoyin sama, mutanen gari kuma su riƙe na ƙasa. Waɗannan mutane suna da sana'o'insu, sun zo ne don suna so. Garuruwa da yawa suka kwaikwayi Torgau. A 1544, ran da Luta ya keɓe sabon ɗakin sujada na fādar garin, Walta ne ya bi da waƙa. Kun ga yadda rashin aikin mutum ɗaya ya zama buɗin ƙofa ga jama'a.

A Ingila ma, daga wajen 1700, ƙauyuka suka kafa nasu ƙungiyoyi. Masaƙa, maƙera, dukawa da 'yan ƙodago sukan hau bene a bayan majami'a da gogensu da sarewarsu, su bi da waƙa. Sun yi fiye da shekara 100 suna wannan hidima. Amma wajen tsakiyar ƙarni na 19 sababbin limamai suka ga waƙarsu ta cika ƙauyanci. Aka sayo ogan, mutum ɗaya yana kaɗawa, aka sallami tsofaffin. Waɗansunsu ba su ƙara sa ƙafa a majami'ar ba. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Yanzu mun zo ga mutane biyu da suka fi kowa aiki a wannan labari. Ta farko ita ce Sarah Glover, 'yar wani limami a birnin Norwich na Ingila. Daga wajen 1812 ta ɗauki nauyin koya wa yaran Makarantar Lahadi waƙa a ikilisiyar da mahaifinta yake hidima. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne. Ta ga cewa rubutun kiɗa na layuka biyar yana da alamu da yawa, yaro yakan gaji kafin ya buɗe baki. Sai ta ce bari a fara da waƙar kanta, rubutu mai wuya ya jira. Ta komo da sunayen Gido, ta rubuta kowanne da harafinsa na farko. Da yake murya ta biyar da ta bakwai duka suna farawa da s, ta sāke wa ta bakwai suna ta zama ti. Daga nan muka sami t ɗin da yake ƙarshen allonmu. Ta jera haruffan kamar tsani a kan takarda, tana nuni da sanda, yara suna hawa suna sauka. Ba da daɗewa ba mutane suka riƙa zuwa daga nesa domin su ji yaranta. A 1835 ta buga littafin da ya bayyana hanyarta, nufinta kuwa shi ne dukan jama'ar ikilisiya su iya raira zabura tare.

Na biyu shi ne John Curwen, wanda aka haifa a 1816, matashin fasto mai ƙaunar yara. Ga abin da ya kamata ɗan'uwanmu na bencin baya ya ji da kyau: Curwen bai yi makarantar kiɗa ba. Ya yi ƙoƙarin koyon rubutun layuka biyar, abin ya ba shi wuya ƙwarai. A 1841 malaman Makarantar Lahadi suka yi taro a garin Hull, suna kukan yadda waƙa ta lalace cikin ikilisiyoyinsu. Suka ɗora wa Curwen nauyin nemo hanya mafi sauƙi ta koyar da waƙa. Aka ba shi littafin Sarah Glover, ya gwada shi a kansa. Cikin mako biyu ya iya duban waƙar zabura a takarda ya ta da ita da kansa. Wanda ya sha wahalar koyo shi ya san inda ƙaya take. Curwen ya ba da sauran ransa ga wannan aiki. Ya yi gyare-gyare cikin hanyar, waɗansu ma Sarah Glover ba ta yarda da su ba, amma bai ɓoye cewa ita ce ta kafa tushen ba.

Mene ne asirin wannan hanya da muke kira solfa? Abu na fari, do ba shi da kafaffen wuri. Do shi ne gida, inda waƙa take komawa ta huta. In an ta da waƙa sama, gida ya koma sama. In an ta da ita ƙasa, gida ya sauko. Amma nisan da ke tsakanin do da so ɗaya ne kullum. Saboda haka mai koyo dangantakar muryoyi bakwai kaɗai zai riƙe a kunnensa, ya iya kowace waƙa da su. Curwen ya kuma koyar cewa kowace murya tana da halinta: do mai ƙarfi ne, mi mai natsuwa, so mai haske, la mai baƙin ciki, ti kuwa yana ɗokin komawa gida. A 1870 ya ƙara alamun hannu: dunƙulen hannu shi ne do, shimfiɗaɗɗen tafi yana duban ƙasa shi ne mi, yatsa yana nuna sama shi ne ti. Tsawon murya kuma da ɗigo da waƙafi da ɗan jan layi ake nuna shi.

Abu na biyu shi ne araha. Rubutun layuka biyar yana bukatar kayan ɗab'i na musamman masu tsada. Solfa kuwa haruffan boko ne, kowace ƙaramar maɗaba'a tana da su, kowane malami yana iya rubuta su a allo ko cikin littafin aikin makaranta. Leburan da ba zai iya sayen babban littafin kiɗa ba yana iya sayen 'yar takardar solfa da kuɗin da bai kai na abincin rana ba.

Ƙwararrun makaɗa sun rena hanyar, suka ce rubutun matalauta ne. Gwamnati ma da farko wata hanya dabam ta goyi baya, ta wani malami mai suna John Hullah. Suna da 'yar gaskiya a wuri guda, gama solfa bai dace da masu kaɗa kayan kiɗa sosai ba. Amma ga muryar mutum, aikinsa ya yi shaida. A 1853 aka kafa ƙungiyar masu solfa. A 1857 yara wajen 3,000 suka raira waƙa tare a babban zauren gilashi na Landan da ake kira Crystal Palace. Curwen ya kafa maɗaba'arsa a 1863, ya ajiye aikin fasto a 1864 domin ya ba da dukan lokacinsa, ya kuma kafa kwalejin solfa a 1869. Ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal sukan tashi aiki da gajiya su tafi ajin waƙa da dare. Masu yaƙi da shan giya suka rungumi abin, gama wanda yake ajin waƙa ba ya mashaya. A ƙasar Wels waƙar ma'aikata ta yi ƙarfi har wani da ya tashi a maƙera, Griffith Rhys Jones, wanda ake kira Caradog, ya kai mawaƙa fiye da 400 Landan suka ɗauki kofi a 1872 da 1873. Sarah Glover ta rasu a 1867, Curwen kuma a 1880, sun ga amfanin abin da suka shuka.

'Yan mishan suka ɗauki solfa zuwa ƙasashe masu nisa, gama ba ya bukatar kome sai allo da alli. A Afirka ta Kudu makarantar mishan ta Lovedale ta riƙa buga waƙoƙi da shi, har John Knox Bokwe ya fitar da littafin waƙoƙinsa a 1885. A 1897 wani malamin makarantar mishan kusa da Johannesburg, Enoch Sontonga, ya tsara wa ɗalibansa wata waƙar addu'a domin Afirka, ya rubuta karinta da solfa. Ya rasu a 1905 ba tare da ya yi suna ba. Ƙungiyoyin mawaƙa suka riƙa karɓar waƙar daga juna. Yau ita ce farkon taken ƙasar Afirka ta Kudu, karinta kuma shi ne na taken Tanzaniya da na Zambiya.

Mu ma ta wannan hanya abin ya iso mana. 'Yan mishan suka kafa tasha a Pategi a 1902, Wase a 1904, Zariya a 1905, Numan a 1913, Garkida a 1923. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Waƙoƙi da yawa cikin Littafin Waƙoƙi juyi ne daga na Turawa, da karinsu na asali. Makarantun mishan da na horon malamai suka koyar da do re mi, malamai kuma suka kai shi ƙauyuka, inda ba ogan ba lantarki, aka raba jama'a murya huɗu. Akwai matsala guda: Hausa harshe ne mai hawa da sauka, wani lokaci karin Turawa yakan ja kalma sama inda bakinmu yake kai ta ƙasa. Iyayenmu mata ba su jira a warware wannan ba. Zumuntar Mata ta tsara nata waƙoƙi, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, da tulu da caki da kuge. Ƙungiyoyin Sabon Rai, waɗanda suka taso daga aikin bishara na farkon shekarun 1960, su ma suka bi karin gida. Ta haka ƙofa ta ƙara faɗi, har wanda bai san harafi ko ɗaya ba ya sami wuri. A 2015, bayan an kori Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya daga hedkwatarta a Kwarhi cikin Oktoba 2014, mawaƙan Zumuntar Matanta ne suka zaga Amurka suna ba da labarin wahalar da waƙa. Matan ikilisiya ne, ba waƙa ce sana'arsu ba.

To, me wannan tarihi yake faɗa mana? Da fari ga shugabanni da malaman kwaya. Ku tuna da masaƙan Ingila da aka sallama saboda ogan. Yau muna da kibod da makirfo da manyan lasifika, ba kuwa laifi ba ne. Amma in mutum biyar masu makirfo sun rufe muryar mutum 500, mun koma dokar Lawudikiya da hannunmu. In sabon mutum ya zo koyon waƙa aka yi masa dariya don ya kauce, ba zai komo ba, wataƙila ma sujada za ta fita ransa. Ku tsayar da shi kusa da wanda ya iya. Ku maimaita layin sau goma in ya kama. Kada ku bar allo da alli, gama wanda aka koya masa karanta solfa ya sami abin da zai koya wa wani.

Sa'an nan gare ka, ɗan'uwa, da ke, 'yar'uwa, mai son shiga. Ku je ranar koyo ku gaya wa malami kun zo ne ku koya. Zai sa ku bi shi daga do zuwa do domin ya san inda muryarku ta zauna, ko sofrano, ko alto, ko teno, ko bes. Wannan ba jarrabawa ba ce, neman wurin tsayawarku ne. Makonnin farko ku fi ba da kunne, ku ji na kusa da ku fiye da yadda kuke jin kanku. Ku zo a kan lokaci, ku zo kullum, gama malamin kwaya ya fi bukatar mai naciya da mai zaƙin murya wanda ake gani sau ɗaya a wata. Za ku kauce, kowa ya taɓa kaucewa. Da koyo akan iya. Muryar da take rawa ita kaɗai takan tsaya daram in ta jingina da waɗansu ashirin. Za ku kuma tarar cewa waɗanda kuke numfashi tare da su kowane mako su ne na farko a ƙofarku ranar suna da ranar makoki.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, mun gode maka domin bayinka da suka yi wahala har waƙar yabonka ta zo bakin talaka. Ka ƙarfafa mai jin tsoro ya taso. Ka ba malamanmu haƙuri da 'yan koyo. Ka karɓi yabonmu, na gwani da na ɗan koyo duka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.